Kifin Gummi Mai Tsafta

Ko da na tsufa haƙorana sun zube, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa kifi wanzanci ba.

Kifi nake sayarwa a Gummi, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci (da furfurata na fara, har yau kuma a hankali nake bin baƙi, ba na gaggawa). Wata rana malaminmu ya shigo da baƙuwa, wata malamar jami'a. Ta ce tana bincike kan tsutsar nan rawaya da ke kwanciya cikin naman kifin gargaza. A ido duk iri ɗaya ce, amma idan an duba ƙwayoyin halittarta ana gane ko ta Gummi da ta Bukkuyum da ta Anka dangi ɗaya ne, ko kowace da zuriyarta. Ta riga ta samo kifin can, saura namu. Malam ya nuna ni, ya ce gobe in kawo ɗanye.

Na amsa da fara'a, amma a baki kawai. Mu nan mun san baƙi masu ƙananan kwalaben gwaji. Na ce a raina, yau a ga tsutsa, gobe rediyo ta ɗauka, jibi ba mai sayen kifin Gummi.

Da safe na zauna da allurar maiɗakina, na bi kifin nan ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarƙashin kunne da bakin ciki, na tsince tsutsar tas. Haƙuri dai ina da shi. Maiɗakina ta tambaye ni ko kifin aure za a kai shi, na ce mata wannan aikin ilimi ne, ba za ta gane ba. Kaji suka yi kalaci da abin da na fitar.

A aji baƙuwa ta sa safar hannu, ta tsaga na farko, babu komai. Na biyu, na uku, haka. Ni kuwa ina zaune a gaba ina hura hanci, ina kallon Ɗanjuma mahauci, abokin wasana, wanda kullum yake cewa kifi ba nama ba ne.

Sai na ga fuskarta ta sauya. Ta ce tsutsar nan daga katantanwa take shiga kifi, daga kifi ta shiga zalɓe, kashin zalɓe ya mayar da ƙwanta ruwa. Idan an rasa ta gaba ɗaya, wataƙila wani abu ne ya kashe katantanwar. Dole ta sanar a zo a gwada ruwanmu.

Wani daga baya ya ambaci ƙauyen Dareta da gubar dalmar da ta kashe yara a can. Wani ya ce daga yau gidansa an daina cin kifi. Kasuwar da na tashi tsarewa, ga ni na haƙa mata kabari da allura.

Na ɗaga hannu kamar yadda Malam ya koya mana.

"Malama, ruwanmu lafiya lau yake. Ni na cire su."

"Baba, duka? Ina suke?"

"Suna cikin kaji."

Ɗanjuma ya faɗo daga benci don dariya. "Mi kika jira, Malama? A kamo kajin a tambaye su danginsu!"

Ita kanta sai da ta juya baya, tana ɓoye dariya. Ta ce in an dafa kifi ya nuna sosai tsutsar ba ta cutarwa, kuma ba ta zo kashe wa kowa kasuwa ba.

Washegari ni ne a bakin gulbi, gaban masunta da suka san ni tun ina yaro, ina roƙon a zaɓo mini kifin da ya fi tsutsa in kai wa Malama. Har yau a kasuwa Wanzamin Gargaza ake kirana.

Abin da na koya shi ne, idan mai ilimi ya ce ka kawo abu, kai masa shi da dattinsa. Idan kuma dole sai ka yi wayo, kada ka yi shi a ajin da mahauci yake.