Ranar Da Na Ba Da Surukina Saboda Fitilun Sama

Ko da tsufa zai kwashe min komai a kai, ba zan taɓa mantawa da yammacin bikin Simi, ƙanwar matata, ba. A filin wata makarantar firamare da ke Kamazou, a gefen Kaduna, aka yi liyafar, kuma ni aka naɗa shugaban taro. Ba don kuɗi ba, don suna. Ni ne shugaban kwamitin tsaro na layinmu, kowa Ciyaman yake kirana, kuma na saba faɗa wa mutane cewa namiji ba ya gudu sai ya ga abin da ya kore shi. (Ina da usur da tocila mai batir shida. A lokacin gani nake sun ishe ni fuskantar komai.)

A makon nan hankalin unguwa ba a kwance yake ba. Wani saƙon murya ya yi ta yawo a wayoyi, wani mutum mai kakkausar murya yana cewa rana ta yi aman wuta, aman yana tahowa duniya, lantarki zai mutu, wayoyi za su mutu, abubuwa za su riƙa faɗowa daga sama. A gaban jama'a na yi dariya na ce zancen banza ne. A ɗaki kuwa na saurare shi har matata ta ƙwace wayar. Wanda ya zauna a gefen garin Kaduna ya san yadda ake kwana da takalmi a ƙafa, ya san yadda ƙarar faɗuwar kwano take tayar da layi guda. Tsoron mutane mun saba da shi. Amma wanda zai zo daga sama, ina za ka gudu?

Taro ya ja har rana ta faɗi. An ɗauke wuta a unguwar, janaretan mai kiɗa kaɗai ke ruri, sama ta yi tas babu gajimare. Aka miƙo min makirufo, irin marar wayar nan, in yi jawabin rufewa. Na gyara babbar rigata, na fara yi wa ango nasiha cewa shi ne garkuwar gidansa. Sai wata mata daga bayan rumfa ta ce, "Yesu! Mene ne wancan?"

Na ɗaga kai. Daga yamma wasu fitilu suke tahowa, a jere, ɗaya bayan ɗaya, kamar an zare carbi an shimfiɗa shi a sama. Ba ƙara. Ba ƙiftawa irin ta jirgi. Tafiya kawai suke, a natse, kai tsaye zuwa kanmu. Shirun nasu ne ya fi kashe ni. Mai kiɗa ya kashe waƙa, yara suka fara kuka, wata tsohuwa ta durƙusa tana waƙar tashin matattu, wani ya ce jiragen yaƙi ne, wani ya ce aman ranar ne ya iso.

Ban san lokacin da na tsallake teburin manyan baƙi ba. Matata da 'yarmu Rahila suna zaune a wurin, na wuce su kamar ban taɓa ganinsu ba. Na faɗa wani aji da ƙofarsa ke buɗe, na cusa kaina ƙarƙashin bencin 'yan aji ɗaya. Kai da kafaɗa suka shiga, tumbi ya ƙi.

A nan na fara addu'a, da ƙarfi, da kuka.

"Ya Ubangiji, ban shirya ba! Ka dube ni, yarana ƙanana ne. In dai dole sai an ɗauki wani a gidan nan, ga Baba Gyang nan. Ya tsufa, ya ci duniya, ya yi ritaya, haƙoransa ma sun ƙare. Ka fara da shi, ya Uba, shi a shirye yake!"

Baba Gyang surukina ne, mahaifin matata da amarya, dattijon coci da ya taso tun daga Filato don bikin. Ina cikin addu'ar ina jin wata murya a waje, babba, tana faɗin irin maganata. (Wallahi a raina na ce, ashe ba ni kaɗai na yi wannan lissafin ba.)

Sai ga hasken waya a bakin ƙofa. Matata ce.

"Baban Rahila," ta ce, a hankali ƙwarai, "me ke hannunka?"

Na duba. Makirufo. Na ƙanƙame shi a bakina da hannu biyu, ɗan jan haskensa yana kallona.

Sai da ita da ango suka ɗaga bencin kafin na fito. A waje fitilun sun riga sun wuce, sun ɓace ta gabas, ba abin da ya faɗo. Amarya Simi, wadda ta karanta kimiyya kuma take koyar da ita, tana tsaye a kan kujera da farar rigarta tana yi wa mutane bayani. Ta ce taurarin ɗan'adam ne na sadarwa, ana harba su da yawa a tare, sai su yi kwanaki suna tafiya a jere kafin su rarrabu. Suna can sama sosai, shi ya sa rana take haska su bayan mu ta faɗi mana. Aman rana kuma gaskiya ne ana yi, yakan dagula rediyo da na'urori, wani lokaci har lantarki, amma ba ya sauko wa mutum a ka. Ta gama, mutane suka sauke ajiyar zuciya, sannan duk suka juyo gare ni.

Da dariya suka yi da na ji sauƙi. Shiru suka yi, suka buɗe min hanya har gaban Baba Gyang. Shi ko motsawa bai yi daga kujerarsa ba, farantin shinkafa na kan cinyarsa. Na zube a ƙasa, rigata duk ƙurar alli.

"Baba, ku yi haƙuri, ba ni ba ne, tsoro ne."

Ya tauna lomarsa a hankali, ya haɗiye, ya dube ni.

"Ɗana, na ji ka miƙa ni. Ba laifi, gaskiya ka faɗa, a shirye nake. Amma ka roƙa min a bari in gama shinkafar nan." Ya nuna bakinsa. "Haƙora kuma saura huɗu. Ka gyara wa Ubangiji lissafi."

Nan filin ya fashe. Har fasto sai da ya riƙe ciki.

Matata ba ta yi min magana ba sai da muka wuce Sabon Tasha a hanyar komawa gida, kuma abin da ta ce shi ne, "Ko jakata ba ka ɗauka ba, balle 'yarka." Wannan ya fi na Baba ciwo, don babu dariya a cikinsa. Shugabancin kwamiti na ajiye shi da kaina kafin a roƙe ni. Yanzu in an kira ni Ciyaman, sai na duba fuskar mai kiran.

Abin da na koya? Kada ka yi wa kanka kirarin jarumta kafin a gwada ka. In kuma ranar gwajin ta zo ka faɗi, yi addu'arka a zuci. Allah yana ji ba sai da lasifika ba. Surukai ne suke buƙatarta.