Injin da Ya Tofar da Iya

"...to ya ƙafa, ya gwiwa, ya sauran haƙora?"

"Haƙora suna gaishe ki, su ukun duka. Ke ya kasuwa, ya cutar bayin Allah?"

Haka suke gaisawa tun tana rarrafe. Shi kakanta ne na wajen uwa, tsohon tela, shekara tamanin ba biyu, wanda har yau tef ɗin awo bai bar wuyansa ba, ko da yake keken ɗinkin ya daɗe da cin tsatsa. Ita kuwa mai shagon faifan kallo ce da injinansu, kuma kaf dangi Gajeruwa suke ce mata. Shi ya raɗa mata sunan, ya bi ta har bakin masu sauke mata kaya.

Da hantsi ya shigo, rungume da wani inji sabo fil, wayarsa na jan ƙasa a bayansa. Ya dire shi kan kantar shagon, ya haki, ya nuna shi da haɓa.

"Amarya, ƙara na kawo."

"Wa ya taɓa min ango?"

"Wannan marar kunyar. Na ba shi Iya, ya tofo min ita. Sau tara!"

Gajeruwa ta san inda zancen ya dosa. Shekara uku da suka wuce wasu kamfanoni biyu suka tada rigima a kan faifan kallo. Ɗaya faifansa a jan gida yake zuwa, ɗayan a shuɗi, kuma injin wannan ba ya karanta faifan wancan ko da za a yanka shi. A lokacin ita ta rantse har da dukan ƙirji cewa ja ne zai yi nasara. Ita ta karɓi tsohon kaset ɗin kakanta, mai ɗauke da hoton matarsa, marigayiya Iya, na minti bakwai, ta sa aka juye shi a jan faifai. Kaset ɗin danshi ya cinye shi daga baya. Bara kamfanin ja ya ɗaga hannu ya rufe, babu inji babu kayan gyara. Yanzu duk duniya babu inda Iya ke motsi tana magana sai cikin faifan nan guda ɗaya.

"Ina jan injin da na haɗa ka da shi?" ta tambaya.

"Ya riga mu gidan gaskiya ranar Asabar. Ya yi tari biyu, ya yi hayaƙi, shi ke nan. Kawunki ya sayo min wannan, wai shi ake yayi."

"To ai wannan na shuɗi ne, tsoho. Ba ya cin ja."

"Ba ya cin ja! Ji min magana. Bijimin sa ne shi, da zai tsani ja?" Ya zaro faifan daga aljihun gaba, naɗe cikin ƙyalle mai tsabta, ya warware tef daga wuyansa. "Miƙo min shuɗi ɗaya."

Ta miƙa masa. Ya kawo su daf da hancinsa, ya auna wannan, ya auna wancan, ya zura ɗan yatsa a ramin kowanne.

"Faɗi ɗaya. Rami ɗaya. Kauri ɗaya. Shekara hamsin ina ɗinki, ban taɓa ganin awo ya yi daidai riga ta ƙi shiga ba."

"Ba a awo abin yake ba, a rubutun ciki yake."

"Na duba ciki. Fuskata kawai na gani."

"Ai shi ya sa injin ya tsorata."

"Fuskar da kika yi ta kuka sai an aura miki ita kina shekara huɗu?"

"Yarinta ce, Allah ya yafe min."

Ya jawo kujerar masu saye ya zauna, ya shiga lissafa mata wahalar da ya sha. Ya ce ya sa faifan a kife, injin ya tofo. Ya sa shi da bisimilla, ya tofo. Ya shanya shi a rana ko sanyi ne ya kama shi. Ya yi wa injin magana ta hankali, irin ta manya, ya gaya masa matar nan ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba. Daga ƙarshe ya ari shuɗin faifai a maƙwabta, ya haɗa su biyu ya tura tare, ko shuɗin zai roƙa wa jan arziƙi a ciki.

"Innalillahi! Biyu a lokaci guda?"

"Wuni guda suna ciki suna shawara. Sai da na sa cokali na raba su."

Dariya ta ƙwace wa Gajeruwa har ta dafa kantar. Amma ba ta yarda ta motsa ƙafarta ba, kuma da dalili. A bayan kantar nan, ƙarƙashin ƙafafunta, akwai wani kwali da ta lulluɓe da guntun kafet. Jan inji ne na ƙarshe, wanda ya yi kwantai har ta gaji da kallonsa. Ta riga ta cika wa dangi baki cewa ta sayar da jajayen kaf, ko ɗaya bai kwana ba. Shekara guda ke nan tana taka shi don ta riƙa hango masu saye. Ta fito da shi yanzu? A gaban wannan tsohon? Wallahi har jikokinta sai sun ji labari. Ta ce a ranta bari ta lallaɓa shi ya tafi, gobe ta aika masa da shi a ce daga wani gari aka samo.

"Ka ga, ango, kai ba ka san amfanin gasa ba," ta ce tana gyara tsayuwa. "Da kamfanonin nan ba su yi faɗa ba, wa zai iya sayen inji? Wannan ya rage kuɗi, wancan ya ƙara ragewa. Wannan ya gyara hoto, wancan ya gyara murya. Mai saye shi ya ci riba."

"Ni ne mai sayen?"

"Kai ne."

"To ina ribar? Inji biyu gare ni, ɗaya gawa ɗaya ɗan iska."

"Amma da araha ka same su."

"Da araha na samu abin da ba ya yi! Gobe zan sayar miki da takalmi na ƙafar hagu guda biyu, rabin kuɗi."

"Hoton fa? Ka manta yadda ya fito tar, har gashin hancinka ana ƙirgawa?"

"Wa ya aike su? Ni na ce ina neman gashin hancina?" Ya buga sandarsa a ƙasa. "Ke, kar ki koya min gasa. Ni da telan da ke kallon shagona mun shekara talatin ba ma ga maciji. Ya rage kuɗin wando, na rage. Ya sa aljihu uku, na sa biyar. Akwai mutumin da ya zo ɗinkin hula ya tafi da aljihu a kanta. Wannan ita ce gasa! Amma ban taɓa ɗinka wandon da zai ga rigar wancan telan ya zame ya faɗi ƙasa ba."

"Da ka iya da ka yi."

"Da na yi, da rabin unguwa sun yi yawo tsirara, ke kuma ki tsaya a nan ki ce sun ci riba."

"Aƙalla da sun sha iska."

"Allah ya shirye ki. Ni dai tun da kika zaɓi ja na san an gama. Ke da kika zaɓe ni a miji, ina kika san zaɓe?"

"Yau ka faɗi gaskiya."

Bai yi dariya ba. Ya sa hannu a ɗaya aljihun, sai ga tsohon almakashinsa, baƙi, mai kaifin tsiya. Ya ɗaga jan faifan saitin hasken ƙofa, ya kanne ido ɗaya.

"Na yi tunani a hanya. In kaya ya ƙi shiga, rage shi ake yi. Zan ɗan zagaye bakin, kamar faɗin farce."

"Kaka!" Ba ta san sanda ainihin sunan ya fito ba. "Ka ajiye! In ka taɓa shi ko da tsinin allura ne, Iya ta tafi ke nan, ba mai dawo da ita!"

"To ya zan yi?"

"Ka ba ni mako ɗaya, zan nemo maka jan inji."

"Ba ni da mako." Ya sauke murya, almakashin na buɗe a hannunsa. "Jibi Laraba za su yi min aikin ido. Na hagun ya riga ya tafi, kin sani. Na daman ne za su taɓa, kuma likitan ya ce yana sa rai, amma bai yi alkawari ba. Na hana uwarki ta gaya miki. Ni dai so nake in gan ta tukuna. In ya so su yi abin da za su yi."

Kunya ta rufe Gajeruwa tun daga kai har ƙafar da ke kan kwalin. Tsoro kuma ya biyo baya: shekara guda tana tattaka abin nan safe da yamma, wa ya san ko yana da sauran rai? Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga ya ƙura mata idon nan guda, yana karkata kai.

"Tsaya. Ke, yaushe kika yi tsawo?"

"Ni? Cin abinci ne."

"Ƙarya kike. Ni na ɗinka miki kayan makaranta tun daga aji ɗaya. Ƙafa huɗu da inci goma, nan Allah ya tsayar da ke. Kantar nan a ƙirji take kama ki, yau ga ta a ciki." Ya miƙe da tef a hannu. "Inci huɗu sun ƙaru. Na wa kika sata?"

Ta sauko, nan take rabinta ya ɓace a bayan kantar. Ta yaye kafet ɗin, ta ɗago kwalin da ƙyar ta ɗora a gabansa. Duk ya lotsa a tsakiya, ga sawun ƙafa biyu, amma jan tambarin na nan raɗau.

Tsoho ya dubi kwali, ya dube ta, ya sake duban kwali.

"La'ilaha illallahu. Wanda kika ce ko ɗaya bai kwana ba?"

"Bai kwana ba. A tsaye yake, aiki yake yi."

"Ina can ina roƙon inji da cokali, ke kina nan kina tsaye a kan maganina!"

"Ajiye maka na yi. Na danne shi ne kar a sace."

Ta fito da injin, ta hure ƙura, ta jona shi da babbar talabijin ɗin gwaji. Ta fara karɓe almakashin tukuna ta jefa a aljihun tebur, sannan ta karɓi faifan. Injin ya buɗe baki da ƙyar, ya haɗiye. Ya yi gurnani, ya yi shiru, ya sake gurnani kamar mai ciwon baya. Allon ya yi baƙi ƙirin. Gajeruwa ta runtse ido tana addu'ar da ba ta taɓa yi wa kayan shago ba.

Sai ga Iya.

Tana zaune a kujera bakin taga, da tabarau a karan hanci, zare a hannu ɗaya, allurar keke a ɗayan. Tsohon ya tako har gaban talabijin ɗin, ya kusa manna fuskarsa da gilashin.

"Shekara arba'in ita ke zura min zare," ya ce a hankali.

A cikin hoton Iya ta lashi bakin zaren, ta auna, ta kuskure. Ta ɗago kai a fusace ta dubi wani da ba a gani.

"Tela, matsa mana, ka tare min haske! Mutumin nan ko da idonsa biyu ba ya ganin inda yake tsayawa."

Sai tsoho ya matsa. A nan cikin shagon, ya ja ƙafa gefe da sauri har sandarsa ta faɗi. Ya tsaya a rakuɓe jikin kantar, sannan ya ankara da abin da ya yi. Dariya ta kama shi, irin mai girgiza kafaɗa, hawaye na bin ido mai gani da marar gani duka. Gajeruwa ta juya baya tana goge wani inji da ba shi da ƙura, don ita ma kukan ya zo mata.

Da minti bakwai suka cika, ta share fuska da gefen mayafi.

"Ɗauki injin, na ba ka. Na yarda, ka ci. Gasar nan ba ta tsinana wa kowa komai ba."

"A'a, kar ki yi mata sharri. Ni na samu inji kyauta, ke kin rasa inci huɗu." Ya tura mata sabon shuɗin injin da ya shigo da shi. "Ungo, tukuici. Sa shi a ƙasa ki hau, kar masu saye su zaci shagon ba kowa."

"Wanda ya ci gasar zan taka?"

"Shi ya tofar min da mata. Ki taka shi da kyau."

Ta ajiye shi a ƙasa, ta shimfiɗa kafet, ta hau. Kanta ya sake ɓullowa.

"Yauwa, ga amaryata ta dawo," ya ce. "To mayar min da ita farko."

Ta danna rimot. Iya ta sake bayyana a bakin taga, ta lashi zaren, ta auna allura. Wannan karon tun kafin ta ɗago kai, tsoho ya riga ya matsa mata.