Naushin da Yahuza ya kai wa Enoch

Jama'a, yau da safe na kai wa maƙwabcina Yahuza tuwo gidan kaso. Mai gadin ƙofa ya ɗanɗana miyar wai saboda tsaro, ya sake ɗanɗanawa, har sai da ya tabbatar babu sauran nama mai haɗari a cikin kwanon.

Yahuza abarba yake sayarwa a baro, bakin tashar Utako. Da yamma mukan taru a shagon askin Thaddeus mu kalli finafinan kurkuku, irin wanda jarumi zai tarar da ƙarti kamar bijimai, ya zubar da su da farantin abinci, rigarsa ko yamutsewa ba ta yi ba. Thaddeus ne malaminmu. Kullum huɗubarsa ɗaya: "Oga, in an kulle ka, ranar farko nemi wanda ya fi kowa girma ka ba shi naushi. Daga nan kowa zai ji tsoronka." Shi kuwa ko a bayan kanta bai taɓa kwana ba.

Makon jiya aka ce wani Ranka-ya-daɗe zai bi ta hanyar, kuma idonsa ba ya jure ganin talaka. Masu share gari suka kwashi baro da abarba da mai abarba.

Na je da tsammanin ganin ido a kumbure, sai na tarar da mutumina lafiya lau, amma ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce ya bi karatun Thaddeus tiryan-tiryan. Ana tura shi ɗaki ya hango wani ƙato jingine da bango, ya yi bismilla ya kai masa naushi a ƙirji. Ƙato ya zube kamar buhun dusa. Yahuza ya gyara tsayuwa yana jiran sauran su taso masa, ba wanda ya motsa. Wani dattijo ne kawai ya ɗago kai ya ce masa, in yana da sauran ƙarfi ya taimaka ya ɗaga mutumin, su ruwan waken da ake ba su bai kai su ga dambe ba.

Ashe ba ƙiba ba ce, kumburin ciwo ne. Sunansa Enoch, manomin doya daga Paikon Kore. Rigimar iyakar gona ta kawo shi, shekara da shekaru yana jiran ranar da alƙali zai tuna da shi. Da ya farfaɗo ma shi ya fara tambayar Yahuza ko bai ji ciwo a hannu ba.

"Malam, gobe ka zo da kwano biyu," in ji Yahuza. "Kuma ka nemo mana wanda ya san lauya."

To, ina jinjina wa iyayen gidanmu masu kula da abincin fursuna. Sun gano maganin tarzoma: wanda bai ci ba ai ba ya faɗa. Da ganin kura dai an san ta ci akuya, tumbi ba ya ɓuya a babbar riga.

Ni dai na daina yaba 'yan fim ɗin waje, namu na gida sun fi su iya wasa. Mai Girma zai yi rawa a taro ranar Asabar, a kira shi kotu Litinin ya zo a keken guragu da abin tallafe wuya na asibiti, ya sume daidai lokacin da aka kunna kyamara. Allah ya ba ku lafiya, ranku ya daɗe. In an ba da beli, mun san za ku warke.