Hanjin Tarwaɗa a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi kokawa da agwagwa a Ƙaraye, lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a. Bincikena a kan tsutsar cikin hanjin kifi ne. Ita tsutsar takan tara dalma da sauran ƙarafa masu guba fiye da naman kifin, don haka in an auna ta sai a gane ko ruwa ya gurɓace. Malamina ya ce in ban kawo masa tsutsar ranar Litinin ba, in shirya maimaita shekara.

Da ƙyar masunta suka haɗa mini bokitin tarwaɗa a dam ɗin Challawa. Na iso tasha mota ba ta cika ba, sai na ce bari in leƙa in gaida mahaifin Binta, wadda nake nema da aure (wai ni mai ladabi). Na ajiye bokitin a soro, na durƙusa. Muna tsakiyar gaisuwa, daga gajiya zuwa damina zuwa mutanen Kano, ƙanwarsa Goggo ta fito, ta leƙa bokitin, ta yi ciki da shi.

"Har da ɗawainiya?" in ji Baba. "Allah ya yi albarka."

Da wane bakin zan ce ba tsaraba ba ce? Na ce, "Amin." Yana ba ni labarin gyaɗar bana, ni kuwa kunnena na kan ƙarar wuƙa a tsakar gida. Da na ji an watsar da ruwa, na ce zan ɗan zagaya.

A bolar bayan gida na tarar da digirina a zube, agwagi sun yi masa rumfa. Na naɗe hannun kaftani na faɗa cikinsu. Wani ƙaton toro ya kama hanji ta gefe guda, na kama ɗaya gefen, yana ja ina ja, ina ce masa, "Saki mana, don Allah!"

A haka Baba ya same ni, shi da dattawan unguwa, za su sallar la'asar.

"Malam Sani, lafiya?"

"Tsutsa nake nema, Baba."

Baba ya juya wajen mutanensa ya ce a hankali, "Ɗan jami'a ne." Suka gyaɗa kai kamar an faɗa musu sunan ciwo.

Abin da na ƙwato ya ishe ni na tsallake da ƙyar, Binta ma an ba ni. Sai dai har yau in aka yanka kifi a gidan, Goggo takan aiko mini da hanjin a kwano, a rufe da faifai. Na dai koyi cewa gara mutum ya ji kunyarsa a soro, inda mutum ɗaya ne shaida.