Abin da Na Raɗa wa Sanƙira

Ba zan taɓa mantawa da ranar addu'ar ukun Mma Adiza ba, kuma ko na so in manta mutanen unguwarmu Maamobi ba za su bar ni ba. Har gobe in na ratsa ta bakin masallacinmu sai wani ɗan banza ya ɗaga murya ya ce, "Injiniya, yaya ido?" Sai in ce alhamdu lillahi in wuce, don in na tsaya ba shi amsar da raina ke so, to a hannun 'yan sanda za mu ƙare.

Injiniya shi ne sunan da ake kirana da shi a Circle, matattarar masu sayar da waya, inda nake da teburin gyaran waya (ban taɓa taka jami'a ba, amma a Circle duk wanda ya riƙe sukurdireba injiniya ne). A kan teburin nan muka fara ni da Mumuni, ɗan Mma Adiza mai koko. Gida ɗaya muka tashi, gidan haya mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya. Uwata ta rasu ina ƙarami, Mma Adiza ce ke zuba mini koko da ƙosai kafin in tafi makaranta, in na yi rashin ji kuma ta kwaɗa mini ludayin da take kwaɗa wa ɗanta.

Ni na koya wa Mumuni buɗe waya, wannan ko a gaban alƙali zan maimaita. Amma shi hankalinsa na kan wata tsohuwar kwamfuta mai fasasshen gilashi da wani ya kawo gyara bai dawo ba. Da an ɗan samu sarari sai ya duƙufa a kanta yana ƙwanƙwasa. Wata rana ya ce mini, "Cale (haka muke kiran aboki a nan), zo mu yi abin nan tare. Matan kasuwar Makola suna aika kaya arewa, ba su san inda mota take ba sai ta isa ko ta ɓace. Wannan manhaja za ta nuna musu a waya." Na yi dariya har da buga tebur, na ce, "Masa (wato maigida), wayar da ta faɗa ruwa ita ke ba mutum abinci. Je ka yi ta zane-zanenka." (A lura fa, a lokacin ni ne mai wayon.)

Sauran labarin kowa a Zongo, wato unguwanninmu na Hausawa, ya sani. 'Yan kasuwa suka karɓi manhajar, direbobin manyan motoci suka karɓa, Mumuni ya bar teburi ya kama ofis. Daga baya wasu daga waje suka sayi kaso a kamfanin, shi kuma ya koma zuba jari a kamfanonin matasa. Ya kafa gidauniya, ya haƙa rijiyoyin burtsatse, yana biya wa marasa lafiya asibiti, ya buɗe makarantar kwamfuta a unguwar Nima. Ya zama Alhaji Mumuni. Ni kuwa ina nan a Circle da lemata, ina gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ni na koya masa buɗe waya.

Sai idona ya fara mutuwa. Da farko kamar hayaƙi-hayaƙi, daga baya ƙananan kusoshin cikin waya suka daina ganuwa gaba ɗaya, sai da lalube. Mai gyaran waya ba ido, ai tela ne ba allura. Na ƙone wayar wata hajiya na rantse mata dama ruwa ya shige ta. Ban gaya wa kowa ba, ko matata Ramatu, domin a Circle in magana ta fita cewa ba ka gani, ranar kasuwarka ta watse, ga yara a makaranta. Tsoro nake kwana da shi nake tashi da shi, wallahi tsoro na gaske.

Ana cikin haka na ji makarantar Mumuni za ta buɗe sashen koyar da gyaran waya, ana neman malami. Na ce to ga mafita, koyarwa baki take so fiye da ido. Na nemi Mumuni, lambarsa ta canza. Na je ofis, wata yarinya mai fara'a ta ce za a neme ni, ba a neme ni ba. Hanya mafi sauƙi ita ce Mma Adiza, don ta ƙi barin Maamobi, gidan kawai ya gyara mata. Amma na daɗe da ɗauke ƙafa daga wurinta, wai kada a ce ina zuwa gaida tsohuwa don arzikin ɗanta. Girman kan talaka ke nan, ba ya hana shi yunwa, zumunci kawai yake hana shi.

Da safiyar da aka ce Mma Adiza ta rasu na yi salati. Amma kafin in rufe baki wani tunani ya faɗo mini: yau dole Mumuni ya shigo unguwa. Na dubi kaftanina duk sun koɗe. Na ce ba zan tsaya gabansa kamar mai bara ba. Na ruga Makola na yanki yadi, na tsaya a kan tela ina azalzalarsa, a lissafina zan dawo kafin azahar. Cunkoson mahadar Kawukudi ya riƙe motarmu kamar an ɗaure ta. Kafin in iso an sallace ta, an kai ta, an dawo. Na ce ba komai, akwai addu'ar uku, a can zan gan shi a natse.

Ranar addu'a an tare titi da rumfuna, kujerun roba har bakin kwata. Malamai a gaba a kan tabarmi, mata a bayan gida suna fama da tukwanen shinkafa, lasifika a kowace kusurwa. Duk 'yan Circle sun zo, har hajiyar da na ƙone wa waya. Mumuni na zaune kusa da liman, ya rame, kansa a sunkuye. Tsakanina da shi akwai manyan mutane jere-jere da wasu ƙarti masu baƙin tabarau. Na yi ta miƙa wuya cikin sabon kaftanina, ko sau ɗaya bai ɗago ba.

To a addu'ar Zongo akwai sanƙira, wato mai shela. Kai ba ka magana da malamai kai tsaye. Za ka kira shi, ka saka masa sadakarka a hannu, ka raɗa masa abin da kake so a roƙa, shi kuma ya ɗaga murya ya faɗa wa jama'a, a shafa fatiha. Namu Baba Issaka ne, tsoho mai murya kamar ganga, abokin marigayi babana. Na ce yawwa, ga dabara: in ba da sadaka, a kira sunana a lasifika, Mumuni ya ji ya tuna ina duniya.

Na yafito Baba Issaka. Ya sunkuyo, na ce a yi wa Mma fatiha, Allah ya haskaka kabarinta. Maimakon ya tafi sai ya tsaya ya ce, "Kai kuma fa, ɗana? Me za a roƙa maka?" Kowa ya san amsar wannan tambaya. Cewa ake yi lafiya da buɗi, shi ke nan. Amma ni na daɗe ina ɗauke da maganar nan ni kaɗai, na haddace ta don Mumuni har ina maimaita ta a banɗaki, ga kunne ya zo har bakina. Sai kawai ta ɓalle. Na ce, "Baba, idona ya tafi. Ba na ganin cikin waya, da lalube nake aiki, ko matata ba ta sani ba. Aikin makarantar Alhaji nake nema, shi ya sa nake son ya gan ni yau." Da na ji abin da bakina ya yi sai na riƙe masa hannu na ce, "Amma wannan tsakaninmu ne."

Ya dube ni ya ce, "Maganar da aka ba wa sadaka amana ce, ba a haɗiye ta. Ciwon da aka ɓoye kuma ba ya samun magani." Ya zame hannunsa ya tafi. (Haifaffen Zongo ne ni. Tun ina yawo ba wando na san abin da ya shiga kunnen sanƙira ta lasifika yake fita. Ban da wani uzuri.)

"Jama'a, salati goma ga Annabi!" Wuri ya yi tsit. "Injiniya na Circle, ɗan marigayi abokina, ya ba da sadaka a yi wa Mma Adiza fatiha. Sannan ya ce a roƙa masa Allah, idonsa ya tafi! Ba ya ganin cikin waya, da lalube yake gyara! Ko matarsa ba ta sani ba! Ya ce aikin makarantar Alhaji Mumuni yake nema, shi ya sa yake son Alhaji ya gan shi yau! Allah ya sa Alhaji ya gan shi! Fatiha!"

Inna lillahi. Na so ƙasa ta tsage. Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi mini sauƙi. Hannuwa suka tashi, aka ce amin, amma duk idanu a kaina suke. Na ji hajiyar nan a baya ta ce, "Ashe! Wayata!" Wani dattijo kusa da ni ya ja kujerarsa gefe ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "A addu'ar uwar mutum?" Daga bayan gida kuma na ji an saki murfin tukunya a ƙasa, ban buƙaci ido ba don in san Ramatu ce. Mumuni ya ɗago a karo na farko. Fuskarsa ban iya ganinta sosai ba daga inda nake, na dai ga ya shafa fatiha ya mayar da kansa ƙasa.

Da aka watse ina neman lungun da zan sulale, sai ɗaya daga cikin masu tabarau ya ce Alhaji na kira. A ɗakin Mma na same shi, ga tukunyar kokonta a kife a gefe. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Cale, ranar jana'iza ina kake?" Na ce cunkoso ne ya riƙe ni. Ya dubi kaftanina, har da alamar allin tela a hannun riga. Ya ce, "Mma ta bar wasiyya. Ta ce 'ya'yanta biyu su sa ta a kabari, ni da kai. Na tsaya a bakin ramin ina ta waige, har liman ya ce rana na yi. Wani baƙo ne ya kama mini ita."

Na rufe alamar allin da hannuna. Ya ce, "Sashen gyaran nan don kai na buɗe shi. Ita ta ce in yi, ta ce kana da zuciya, ba za ka taɓa roƙo ba, in zo teburinka da kaina. Na bari sai an gama zaman makoki. Yanzu in na ba ka, duk Zongo za su ce a addu'ar uwata ake rabon aiki, gobe kowa ya zo da tasa buƙatar a bakin sanƙira." Sannan ya ce, "Ka je gidauniya ranar da suke ganin masu ciwon ido. Za a duba ka."

Na je. Na bi layi tare da tsofaffin unguwa, yarinyar nan mai fara'a ta tambaye ni ko na san Alhaji, na ce a'a, a rediyo nake jin sa. An yi mini aiki, ido ɗaya ya dawo, ɗayan sai a hankali. Aikin koyarwa wani yaro ɗan Kumasi aka ba. Masu kawo mini waya sun ragu sosai, wanda ya zo ma sai ya ɗaga yatsu ya ce in faɗi ko nawa ne kafin ya miƙo. Ramatu ta yi sati ba ta yi mini magana ba, da ta buɗe baki kuma cewa ta yi, "Ni da nake wanke maka kaya ban isa in ji ba, sai Baba Issaka?"

Abin da na koya ba shi da yawa. In sanƙira ya tambaye ka me za a roƙa maka, ka ce lafiya da buɗi ka rufe bakinka, abin da ya fi haka ka kai wa matarka ko ka kai wa Allah, su ba su da lasifika. In kuma aka ce wadda ta ba ka koko ta rasu, ka tafi da rigar da ke jikinka. Kaftanin yana nan a ƙasan akwati, ban sake sa shi ba. Da idon da aka gyara mini na je maƙabarta, sai da mai gadi ya nuna mini kabarinta.