Ruwan Hoda a Lagireton Kaka

"...lafiya lau muka wuni, in ban da ganin ki. Me kuma kika kinkimo mana a jarka?"

Haka tsoho Rigoberto ya amsa gaisuwar jikarsa Yanelis, kansa na cikin bonet ɗin motarsa 'yar shekarar 1954, wadda duk Santiago babu wanda bai san ƙararta ba. Jibi Asabar za a ɗaura auren Yanelis, kuma ta rantse motar nan ce za ta kai ta coci, kamar yadda ta kai uwarta. Sai dai cocin a kan tudu yake, motar kuwa ba ta shiri da tudu. Tsoro fal cikin yarinyar, amma ta gwammace ta mutu da ta nuna masa.

"Ruwan sanyaya inji ne, tsoho mai ran ƙarfe. Na kanti, ba na durum ɗinka ba."

Ya ɗaga jarkar yana ƙanƙance ido. "Ruwan hoda? Lemon biki kika sayo mini?"

"Ai launin motar ne. Na ga sun dace."

"Kyan ɗan maciji ke nan! Don mota ruwan hoda ce sai ta sha ruwan hoda? Ke da kike baƙa, kofi ne ke yawo a jijiyarki?"

"Ya fi ruwan indararo dai. Shekara arba'in kana ɗura mata ruwan sama, har kwaɗi sun yi unguwa a ciki."

"Kwaɗin nan sun fi angonki murya. Saurara, uwar iyayi. Wannan na motocin zamani aka yi shi. Lagireton motata tagulla ne da dalma, koren ruwa yake so. Ki haɗa su biyu, su dame su zama kunu, bututu ya toshe."

"Iko sai Allah, ashe ka san kore! To me ya hana ka saya? Rowa?"

"Tsohuwar zuma da ita ake magani."

"Wace zuma? Bikin yayata Odalys fa? Kan tudun nan ta tafasa, amarya da farar riga tana turi, kai kana fasa ƙwai a lagireto kana barbaɗa barkono kamar mai soya wa baƙi!"

"Yoyon bai tsaya ba?"

"Ya tsaya. Amarya ta isa coci tana ƙamshin karin kumallo."

Rigoberto ya ƙyalƙyale har da tari. Ita kuwa ba ta yi dariyar ba.

"Kaka, kawun ango ya ce zai ba da sabuwar motarsa, mai sanyi a ciki. Jiya uwar ango ta sake tambaya ta. Ni kuma na ce a'a, kakana ne zai kai ni. Kada ka sa su yi mini dariya."

"Wato za ki bar ni ki auri wani, kuma ni zan yi dakon ki?"

"Ba a fafe gora ranar tafiya. Matsa, ko me za ta zama sai na zuba."

"Kada ki taɓa murfin nan!"

"Injin da sanyinsa, ba zan ƙone ba."

"Na ce kada ki buɗe!"

Ina, ta riga ta murɗe. Ta leƙa, ta sake leƙawa. Ruwa ne kore shar, cike har wuya, babu tsatsa ko ɗigo. Tsoho ya juya baya, ya hau goge madubin da ba shi da datti.

"Kaka. Mene ne wannan?"

"Gansakuka."

"Ƙarya kake!"

"To kwaɗin ne suka yi wanka."

"Tun yaushe?"

Ya ja numfashi, kunya ta kama shi kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. "Tun ran Litinin. Sau uku na wanke cikinta, na kai aka liƙe yoyon. Sau shida na hau tudun cocin da rana tsaka, allurar zafin inji ko motsi ba ta yi ba. Kada ki faɗa wa tsofaffin da muke wasan domino da su, sai su ce na tuba."

Hawaye ya cika idon Yanelis, ta rungume shi da baƙin man da ke rigarsa.

"To me ya sa ka bar ni ina ta zuba surutu?"

"Daga jibi wani za ki riƙa yi wa masifa," in ji shi yana dariya. "Na ce bari in karɓi rabona tun da sauran kwana biyu."