Wanda Ya Shiga Silima Ana Ɗaurin Aure

Wani ne a garinmu Toledo ta Amurka, lokacin yaƙin duniya na biyu. Soja ma da suka duba shi cewa suka yi ya koma gida, kada ya harbi nasu. Bawan Allah bai taɓa shiga silima ba. Ya sayi zobe, ya ɗauki budurwarsa Maxine ranar Lahadi da rana, da niyyar in sun fito ya durƙusa ya nemi aurenta, don akwai wani sojan ruwa da ke ta shawagi a ƙofar gidansu.

To, silimar lokacin ba ta tashi. Fim na ƙarewa bayan awa ɗaya da rabi a sake juyo shi daga farko, kowa ya shiga sa'ad da ya ga dama. Su kuwa sun makara. Suna zama ana ɗaura aure a fim ɗin, ango ya rungume amarya. Gogan naka ya shafa aljihu yana washe baki.

Sai fim ya juyo. Ga amaryar nan a jirgin ƙasa, riƙe da hannun wani attajiri. Ango ya taka mata ƙafa, ta dube shi sheƙeƙe ta ce, "Kai kuma wane ne?" Ta sharara masa mari.

Gugguru ya suɓuce wa mutuminka. "Maxine! Ko kwana ba a yi ba fa! Ashe haka kuke?"

"Rufa mana asiri, farkon ne."

"Farkon? To ina ga an shekara!"

Ya zauna yana huci har aka zagayo wurin ɗaurin aure. Ai sai ya haye kujera.

"Kai ango! Sakarai! Ba ka daddara ba? Gudu!"

Ma'aikacin silima mai tocila ya tisa ƙeyarsa waje. Maxine ta sulale ta ƙofar baya, kamar ta nutse don kunya.

Sati guda abokan aikinsa na yi masa bayani. Da ƙyar da jiɓin goshi ya gane: mari ne a farko, aure a ƙarshe. Ya garzaya gidansu Maxine, ya tarar ta fito riƙe da hannun sojan ruwan nan. Ya zube ƙasa ya miƙa zobe, gwiwarsa a kan ƙafarta.

Ta dube shi sheƙeƙe. "Malam, na san ka ne?" Tas! Ta wanke shi da mari.

Ya dafe kunci, ya duba agogo, ya dubi sojan ruwa cike da tausayi.

"Sai haƙuri, ɗan'uwa. Awa ɗaya da rabi ta rage maka."